Zuwana Beli da Karatun da Ya Ƙi Tashi

Tun da na dawo daga Beli mutanen ofishinmu suka hana ni sakat. Wannan ya tambaye ni yadda na baro iyayen Shamsu, wancan ya ce wai da gaske ne na tafi ta'aziyya da kwamfuta a jaka. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a bakin famfon alwala. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, mai son ji ya karanta.

Ga wanda bai san shi ba, Shamsu abokin aikina ne. Tare muke gina wa mutane shafukan intanet a wani ɗan ofis a Kano, teburinsa na kallon nawa. Mutumin Beli ne ta ƙasar Rogo, ɗan wani malami da ake kira Malam Ya'u, mai karantar da littattafan fiƙihu a zaure. Ciwon ƙoda ya kama shi, ya yi ta fama yana zuwa aiki a daddafe, da abin ya tsananta aka mayar da shi gida. Ina Abuja wajen wani aiki aka bugo mini cewa ya cika. Ban samu jana'iza ba, ban samu zaman makoki ba. Sai da damina ta yi nisa, masara ta fara goyo, sannan na samu kaina.

Ana gobe zan tafi, ƙanen mahaifinsa, Baffa Sale, ya kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Kabiru, in za ka taho ka zo da na'urar nan taku ta aiki. Yaya yana da magana da kai." Ban tambaye shi dalili ba, na dai ce to.

Da safe na shiga motar Ƙaraye. Mu huɗu a baya, an matse ni tsakanin wani dattijo mai farin gemu da wani mai sayar da maganin feshi wanda duk jikinsa warin hajarsa yake. Ba mu yi nisa da gari ba hadari ya haɗo. Da ruwan ya sauko aka fara neman abin ɗaga gilashi, ashe guda ɗaya ne a motar duka, yana aljihun direba. Ya miƙo shi baya aka riƙa zagayawa da shi ƙofa-ƙofa, kafin ya iso ɓangarenmu mun jiƙe. Ni dai jakar kwamfutar na tura cikin riga na rungume. Dattijon ya dube ni ya ce, "Samari, jariri ka ɗauko ne?" Aka yi dariya, har da ni.

Ya tambaye ni inda na nufa. Da na ce Beli, gidan Malam Ya'u, ta'aziyyar ɗansa, sai fuskarsa ta canza. Ya ce ya san Malam, ya taɓa ɗaukar karatu a zaurensa shekarun baya. Ya ɗaga hannu, duk motar aka ɗaga, har direba ya saki sitiyari da hannu ɗaya, aka yi wa Shamsu addu'a. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Na juya fuskata wajen taga, na ji daɗi da ruwan sama ya riga ya jiƙa mini fuska.

A Ƙaraye sai da na jira motar Rogo ta cika. Na zauna a rumfar wata mai soya kifi, irin wanda ake kamowa daga dam, na saya da ƙuli-ƙuli da yaji. Kifin ya yi daɗi, amma ƙaya ta maƙale mini, matar ta ba ni lomar tuwon jiya ta ce in haɗiye kar in tauna. Ƙayar ta wuce. A nan na fara lura da gaisuwar mutanen wajen. Mu a birni mun gutsure gaisuwa, mutum na tafiya yana jefo maka "ya aiki" bai ma jira amsa ba. A can na ga magidanci ya tsayar da kekensa, ya sauka, ya jingine shi, ya durƙusa gaban wani tsoho, suka bi gida da gona da ruwa da dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare suka sake ɗaukowa daga farko. Na tuna yadda muke tsokanar Shamsu a ofis cewa kafin ya gama gaida mai aiki a waya katinsa ya ƙare.

Daga Rogo babur na hau. Hanyar duk taɓo, gonakin rake hagu da dama sun fi mutum tsawo. Ɗan acaɓar mai surutu ne, ya ce mini nan ƙasar Kano ta kusa ƙarewa, ranar kasuwa ba ka rarrabe mutanensu da na Katsina da na Zazzau sai sun buɗe baki. Yana cikin bayani muka shiga wani kwari, tayar baya ta zame, muka kwanta a hankali kamar an shimfiɗe mu. Ba wanda ya ji ciwo. Farar shaddar da na sa don ta'aziyya ce ta tashi daga aiki. Haka na shiga Beli, rabin jikina ja da taɓo.

Baffa Sale ya tare ni a ƙofar gida. Shi ne ke taimaka wa dagaci da sha'anin mutanen gari, dogo ne marar yawan magana. Ya ba ni ruwa na wanke ƙafa, ya ara mini riga, sannan ya shigar da ni zaure.

Malam Ya'u na zaune kan buzu, ya jingina da bango, littattafai jere a gefensa cikin gafaka. Shamsu ya taɓa gaya mini idon mahaifinsa ya tafi, amma ban zaci ya kai haka ba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, ya haƙuri?"

"Da godiya. Kai ne Kabiru?"

"Ni ne."

Ya miƙo hannu yana lalube, na ba shi nawa. Ya riƙe bai saki ba. Ya ce, "Yana yawan ambatonka. Ya ce kai ne kake cinye masa ƙosai." Na so in yi dariya, abin ya ƙi. Na yi addu'ar da zan iya, ya amsa da amin a hankali, har yanzu hannuna na cikin nasa.

Aka kai ni cikin gida na gaida mahaifiyarsa, Inna. Tana zaune bakin murhu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Shamsu ne ɗanta na fari, don haka ko sunansa ba ta kamawa. Ta ce, "Abokin naka ya tafi ya bar ku da aiki." Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin, ta ci gaba da tura kara cikin wuta.

Bayan la'asar Malam ya sa aka kira ni, ya faɗi maganar da ya tara. Ashe shekara biyun nan, duk zuwan da Shamsu yake yi gida, sai ya zauna gaban mahaifinsa da littafi, ya kunna abin ɗaukar murya. Shi yake jan baƙi, wato ya karanta Larabcin, Malam kuma ya fassara ya yi bayani, yadda ake yi a zaure. Ya tara karatun da yawa, ya gina masa shafi a intanet don ɗaliban Malam da suka watsu garuruwa su riƙa saurare. Na san da shafin, amma ban taɓa zama na duba shi ba, don aikinsa ne na ƙashin kansa.

Malam ya ce, "Ya gaya mini a Kano abin yana yi. Amma nan ko sau ɗaya bai taɓa tashi ba. Masu aiko mini da saƙo daga ƙauyuka ma haka suke cewa, sun danna shiru. Ya ce da ya ji sauƙi zai gyara." Ya gyara zama. "To, bai ji sauƙin ba."

Kwamfutar Shamsu da wayarsa suna nan, amma duk a kulle, ba wanda ya san lambar. Sai dai ni da shi mun saba kowa na riƙe da mabuɗin shafukan ɗan'uwansa saboda ɓacin rana. Na ce wa Malam ai zan iya sauko da karatun duka in zuba masa a katin memori, a sa a rediyo, ba sai an sha wahalar shafi ba.

Ya ce, "Wannan ma ina so. Amma shi ba don ni ya yi ba, ni da karatun ke kaina. Don na nesa ya yi. In da hali, a gyara shi yadda ya nufa."

A ɗakin Shamsu aka sauke ni, wani ɗan shago da ke jikin zaure. Hularsa na rataye a ƙusa, silifas ɗinsa na bayan ƙofa, an jera su kamar zai dawo daga masallaci. Aka kawo tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa, an zuba man shanu har yana kwanciya. A gidanmu in baƙo ya ce ya ƙoshi an gama. A can sai da Baffa Sale ya zauna a kaina yana cewa in ƙara, na ƙara, ya ce ban ci komai ba.

Washegari bayan na sha koko na fito neman sabis. A cikin gida babu ko ɗigo. Baffa Sale ya kai ni bayan makarantar firamare, gindin wata ɗorawa da ke kan tudu, ya ce nan duk garin ke zuwa in ana son magana da na nesa. Na tarar da mutum uku a wajen, kowa ya ɗaga waya sama yana juyi. Na zauna kan saiwa, na haɗa kwamfuta da wayata, na buɗe shafin.

Ya yi shi da kyau, fari da kore, ba tarkace. Kowane darasi da sunan babinsa, a ƙasa ga ɗan maɓallin kunnawa. Na danna. Shiru. Na sake dannawa, ko motsi.

Abin da ke sa maɓallin nan aiki wata 'yar manhaja ce da Shamsu ya rubuta da kansa ya liƙa wa shafin, irin wadda muke kira fulogin. Na buɗe cikinta. Ba ta da yawa, kuma ina ganin rubutun na gane hannunsa, yadda yake barin sarari tsakanin layuka, da yadda yake sa wa abubuwa suna da Hausa alhali kowa da Turanci yake sawa. Fulogin ɗin na buƙatar fayil biyu na umarni, waɗanda muke ce wa sikirif. Ɗaya babba ne, na aro, wanda wasu suka rubuta don sarrafa sauti, muna kiransa laburare. Ɗayan ƙarami ne, nasa, aikinsa kawai ya ce wa babban, ga darasi, ga maɓalli, in an danna ka kunna. Ƙaramin ba ya iya komai in babban bai riga shi isowa ba.

Shamsu ya rubuta su biyun kai tsaye a saman shafi, kuma don shafin ya yi saurin buɗewa ya sa musu alamar cewa kowanne ya fara aiki da zarar ya sauko, kar ya jira kowa. A ofishinmu, inda sabis ke da ƙarfi kuma kwamfutocinmu sun riga sun ajiye babban, ba za ka taɓa ganin matsala ba. Amma a gindin ɗorawar nan ƙaramin ne ke fara isowa don ba shi da nauyi. Ya nemi babban, bai same shi ba, ya tsaya cak. Kafin babban ya gama jan ƙafa ya iso, ba mai kiransa kuma.

A saman wajen ya bar layi ɗaya, irin bayanin da mai rubutu ke bar wa kansa, wanda na'ura ba ta karantawa: "A jera su yadda ya kamata, in na samu sauƙi." Ashe ya gano. Ƙarfin zama ya yi ne ya rasa. Na daɗe ina kallon layin, har ɗaya daga cikin masu neman sabis ya matso ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya, rana ce ta dokar mini ido.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Injin da aka ɗora shafin a kansa yana da hanyarsa ta karɓar irin waɗannan fayiloli: ka yi wa kowanne rajista da suna, ka faɗi wanda ya dogara da shi, shi kuma ya jera su da kansa, ba ya sakin na baya sai na gaba ya iso. Na cire su daga saman shafi, na cire alamar gaggawar nan. Na yi wa laburaren rajista, na yi wa na Shamsu, na rubuta cewa wannan ya dogara da wancan. Na kuma sa su riƙa zuwa a ƙarshen shafi, kuma a shafukan da ke da darasi kaɗai, don kar a cinye wa mutanen ƙauye data a banza. Ina dab da turawa kwamfutar ta mutu, caji ya ƙare.

Sai da muka gangara kasuwa wajen wani mai cajin waya da sola. Ya ce bai taɓa sa wa abu mai girma haka caji ba, yana tsoron kar ta shanye masa batir. Baffa Sale ya lallashe shi. Muka zauna kan benci muna shan rake har azahar, Baffa na ba ni labarin yadda Shamsu yana yaro ya taɓa kwance rediyon dagaci don ya ga masu maganar da ke ciki.

Da na koma tudu na tura gyaran, na gwada a kwamfutata, maɓallin ya motsa. Na yi sauri na tsayar kafin murya ta fito, don ban shirya jin ta ni kaɗai ba. Na karɓi wayar Baffa na gwada, sai shiru kamar da. Na yi ta dubawa, can na tuna wayarsa ta ajiye tsohon kwafin ƙaramin fayil ɗin tun gwajin da suka sha yi, shi take ta ɗaukowa. Na koma na canza lambar da ke nuna fayil sabo ne, don kowace waya ta san ta yar da na hannunta ta ɗauko wannan. Na miƙa wa Baffa na ce ya danna da kansa. Ya danna. Muka ji ƙarar gyara zama, da kukan akuya daga nesa, sai ya tsayar. Ya ce, "A'a. Yaya ya kamata ya fara ji."

Tunda babu sabis a gida, sai Malam ne ya zo. Bayan la'asar Baffa ya riƙo hannunsa, aka taho da buzunsa, wasu magidanta daga cikin ɗalibansa suka biyo baya. Aka shimfiɗa masa a gindin ɗorawar. Ina daga zaune na hango Inna da wata mata sun tsaya can jikin katangar makaranta, ba su ƙaraso ba.

Baffa ya ƙure ƙarar wayar ya ajiye gaban Malam, ya danna.

Muryar Shamsu ta fito, lafiyayya, tun kafin ciwo ya cinye ta. Ya yi bisimilla, ya ja layin farko na babin tsarki, da ɗan saurin nan nasa. Sannan muryar Malam ta cikin waya ta fassara. Shamsu ya ja layi na biyu. Malam ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na bin karatun.

A layi na uku ko na huɗu Shamsu ya yi tuntuɓe, ya ɗaga wasalin da ya kamata ya kwantar. Kafin muryar cikin waya ta ce komai, Malam na zaune a gabanmu ya ɗago kai da sauri ya ce, "A'a, sake." Ya faɗi kalmar daidai, da ƙarfi, yadda ya saba.

Muryarsa ta cikin waya ta biyo da gyaran nan, sai Shamsu ya ce daga cikin wayar, "Na'am, Baba," ya yi 'yar dariya, ya sake karantawa daidai.

Malam ya buɗe baki zai fassara, sai ya fasa. Ya sa hannu ya lalubo wayar, ya dafa ta da tafinsa kamar yadda ake dafa kan yaro. Karatun ya ci gaba a ƙarƙashin hannunsa. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya tashi ya koma bayan bishiya. Ni kuwa na kifa kaina a gwiwa, kukan da ban yi ba tun ranar da aka bugo mini a Abuja, a nan na yi shi.

Aka saurara har darasin ya ƙare. Sannan Malam ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Kabiru. Sale, a sanar da na nesa." Ya yi addu'a, aka shafa.

Na ƙara kwana ɗaya don in sauko da karatun in zuba a kati kamar yadda na ce, abin da ya ci mini yini guda a kan tudun nan saboda rashin ƙarfin sabis. Baffa ya kawo wata 'yar rediyo mai cin kati, muka gwada, ta yi. Na kuma gaya wa Malam cewa kula da shafin ya dawo wuyana muddin ina raye.

Da safen da zan tafi na shiga yi wa Inna sallama. Ta haɗa mini mazarƙwaila da ɗanyar gyaɗa a leda, na ce ta bar shi, ta yi kamar ba ta ji ba. Rediyon na kan tabarma kusa da ita, a kashe. Na durƙusa na ce zan koma. Ta yi mini addu'ar hanya, ta ce in gaida mahaifiyata. Har na miƙe na kai bakin ƙofa ta kira ni.

"Kabiru."

"Na'am, Inna."

Ta nuna rediyon da haɓa, ba ta dube ni ba. "Wannan abin, in ana yawan kunna shi, yana ƙarewa ne?"

Na ce, "Ba ya ƙarewa, Inna. Ko kullum kika kunna."

Ta ce, "To." Ta jawo shi kusa da ƙafarta.

Ban kai zaure ba na ji ya fara bisimilla a bayana. Ɗan acaɓa na jira a waje, na hau, muka kama hanyar Rogo.